Keke, Dutse da Kufai: Abubuwan Ban Mamaki daga Karare zuwa Ƙetare

A Turai da Amurka, har da Afirka ta Kudu, akwai masu tara kuɗi su sayi keke mai kaurin taya, su ɗaure shi a bayan mota, su yi doguwar tafiya don neman abu uku: tudu, siririyar hanya, da tsohon wuri mai tarihi. Wasa ne babba a wurinsu, ana ce masa tseren keken hawan dutse, har lambar zinare ake ci a kansa. Abubuwan nan uku kuwa ga su nan zube a yammacin Katsina, a ƙasar Batsari da Safana inda Karare take, ba wanda ya shata su, ba wanda ya kafa musu allo.

Duwatsun sun girmi duk wani mai ƙafa

Manyan duwatsun da ke tsaye ɗai-ɗai a cikin gonaki, daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, zuwa Safana da Batsari, har a tsallaka Zamfara, masana ƙasa suna ba irinsu shekara wajen miliyan 600. A can ƙarƙashin ƙasa suka narke, suka huce a hankali, suka daskare. Ruwa da iska ne suka yi ta kwashe abin da ya rufe su har suka fito fili. Zafin rana da sanyin dare kuma na sa bayansu ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa, shi ya sa kawunansu suke a mulmule. Abin da zai ba mai keke mamaki shi ne, falalen dutsen da ido ke ganin santsi ne da shi ya fi burji riƙe taya, in dai a bushe yake. Da zarar an yi yayyafi kuwa, gara mutum ya sauka ya tura.

Da kwaraɓaɓɓun kekuna aka fara

Wasan bai fara da kayan tsada ba. Wasu samari ne a Kalifoniya, a gundumar Marin, suka riƙa tono tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi da faɗin taya, suna gangarowa da su daga tsaunukan yankin Tamalpais. Ranar 21 ga Oktoba 1976 suka yi tserensu na farko da agogo, wanda aka sani da Repack: gangara ce ta kilomita 3 da 'yan kai, wadda ke sauka kusan mita 400. Birkin kekunan a cikin cibiyar ƙafar baya yake, kuma kafin a kai ƙasa man da ke ciki ya ƙone yana hayaƙi, dole a kwance a sake cusa wani. Gary Fisher ya sauko cikin minti 4 da daƙiƙa 22. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keke na musamman don wannan aiki, a 1981 kamfanin Specialized ya shigo da Stumpjumper kasuwa, a 1990 aka yi gasar duniya ta farko a Durango, sai ga wasan a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Shekara 20 ke nan cif daga hayaƙin birki zuwa lambar zinare.

Baƙaƙen sojoji sun riga su

A 1897 rundunar Amurka ta so ta gwada ko keke zai iya maye gurbin doki. Aka zaɓi baƙaƙen fata 20 daga runduna ta 25, suka tashi daga Missoula a jihar Montana, suka nufi St. Louis. Mil 1,900 suka yi, wato kimanin kilomita 3,000, cikin kwana 41, ta kan tsaunuka da laka da rairayi, kowa da bindigarsa da guzurinsa a ɗaure. Kekunan nasu giya ɗaya gare su.

Manomin da ba a ƙirga shi a 'yan wasa

Giya ɗayan nan ita ce ta dawo da mu gida. Tun zamanin En'e, lokacin da ake yanka wa keke lasin a maƙala masa lamba, mutumin karkarar Katsina yake hawa tudu yana gangara kwari a kan Rali, daga baya Fonis ta Sin da Hero ta Indiya suka shigo. Kamfanin Raleigh na Nottingham ya ga yawan cinikin da yake yi a ƙasar nan har ya kafa masana'anta a Kano. Keken tsere na zamani nauyinsa wajen kilo 10 ne, yana da giya 12 a baya, da abin shanye gargada gaba da baya, kuma na ƙarshen kyau kan haura dala 10,000. Baƙin keken ƙauye ya ninka shi nauyi, birkinsa na sanda ne, ba abin da ke shanye gargada sai gwiwar mai shi da sifirin ɗin sirdi.

Amma dubi abin da yake ɗauka. Batsari ta yi suna da rogo, kuma kafin babur ya cika gari, buhun rogo da yawa a kariyar keke ya isa kasuwa. Damin dawa, jarkokin ruwa, itace, akuya a cikin kwando, mara lafiya da za a kai asibiti, ɗalibi da ƙanensa a goye, malamin makaranta da rajistarsa, duk sun bi ta siririyar hanyar da ke ratsa gonaki. Mai kaya ya san inda zai taka feda da ƙarfi tun kafin ya iso hawa, ya san inda zai tashi daga sirdi ya bar keken ya yi rawarsa a ƙarƙashinsa, ya san ba a damƙe birkin gaba a gangara mai tsakuwa. Waɗannan su ne darussan farko da ake biyan kuɗi a koya a makarantun wasan a ƙetare. A nan yaro kan koye su ne da keken haya, ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sanda, tun bai kai sirdi ba. A ganina duk wanda zai rubuta tarihin hawan keke a jeji bai kawo waɗannan mutane ba, ya bar rabin labarin a waje.

Keke ba ya raina kaya a ko'ina. A yaƙin Dien Bien Phu na 1954, 'yan Biyetnam sun yi jigilar shinkafa da harsasai ta cikin tsaunuka da kekunan da aka ƙara wa ƙarfi, ana tura su da hannu, wasu ɗauke da fiye da kilo 200, har suka ci sojojin Faransa. Ƙungiyar World Bicycle Relief kuma, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera wa karkarar Afirka keke, ba ta kwaikwayi na tsere ba. Buffalo ta fitar, mai nauyi, mai sauƙin gyara, da kariyar da ke ɗaukar kilo 100.

Tsidau ba ta san iyakar ƙasa ba

Babban abokin gabar taya a wannan yanki ba dutse ba ne, ƙaya ce: ta aduwa, ta magarya, farar ƙaya, sai uwa-uba tsidau, wadda ke shimfiɗe a ƙasa, 'ya'yanta kuma ko ta ina suka faɗi akwai tsini ɗaya da ke kallon sama. Ita wannan tsidau ɗin ta bi jiragen ruwa ta isa yammacin Amurka, inda masu keke ke kuka da ita yadda muke yi. Maganin da suka samo shi ne taya marar tub, wadda ake ɗura wa ruwan roba, ƙaya na hudawa ruwan ya bi ramin ya toshe. Namu maganin mai faci ne a gindin bishiya, da kwanon ruwansa, da famfo, da gam. Wasu kuma kan yanka tsohuwar taya su shimfiɗa a cikin sabuwa, keke ya ƙara nauyi amma a kai gida lafiya.

Wanda ya tashi daga Damagaram

Inda ƙorama ta bushe ta bar rairayi, siririyar taya nutsewa take yi. Dabarar ita ce a rage iska kaɗan, a mayar da nauyin jiki baya, kada a juya kan keke da ƙarfi. Kekuna masu ƙatuwar taya da ake yayi yanzu don ƙanƙara da yashi suna da kaka a ƙasar Hausa: a 1980 wani Bafaranshe, Jean Naud, ya hau wani keke mai faffaɗan taya da aka yi masa musamman, ya tashi daga Damagaram ya ratsa hamada har Tamanrasat ta Aljeriya.

Baturen da ya bi ta Zakka

Ga hanya shatacciya ga mai son bin sawun tarihi. A watan Maris 1853, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar birnin Katsina zai tafi wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kan hanyarsa ta Tumbuktu. Ayarin Galadiman Sakkwato ya bi. Ba su miƙe yamma kai tsaye ba saboda tsoron rundunar Gobirawa, sai suka karkata kudu ta Kuraye da Kurfi, suka sauka Zakka, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Safana a yau, daga nan suka kutsa daji suka ɓulla Zurmi. Ya yi bayanin yadda aka kewaye Kurfi da ganuwa da ramuka a tsakanin duwatsu, har da zane a littafinsa. Shi ne kuma ya ƙiyasta zagayen ganuwar birnin Katsina da mil 13 zuwa 14, a lokacin da mutanen da ke ciki, a lissafinsa, ba su wuce 8,000 ba. Kusan duk garuruwan da ya ambata a wannan tafiya suna nan da sunayensu.

Ruma, garin da ya kwana da shiri

Har gobe hakimin Batsari Sarkin Ruma ake ce masa, na Safana kuma Yariman Katsina. Sarautar ta farko tana tuna mana cewa Ruma ce tsohuwar cibiya. Bayan jihadi, da sarakunan Katsina na gidan Korau suka koma arewa suka kafu a Maraɗi, yaƙi bai ƙare ba. Kusan ƙarni na 19 gaba ɗaya mahayan Maraɗi da na Gobir suna kawo hari, musamman zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, kuma garuruwan wannan gefe su ne garkuwar masarauta. A nan aka yi Ɗan Waire, barden da sunansa ya cika Katsina da Kano a ƙarshen ƙarnin, wanda daga baya ya koma Gwiwa ta ƙasar Kazaure.

Wannan tarihi ne ya sa tsofaffin garuruwan yankin suke manne da duwatsu. Dutse hasumiyar tsaro ne, mafaka ne, kuma gindinsa kan riƙe ruwa. Da hare-hare suka lafa a zamanin Turawa, mutane suka riƙa saukowa fili kusa da gona da hanya, suka bar kufai. Mai tafiya a ƙasar Hausa yana gane kufai tun daga nesa: kukoki sun taru wuri ɗaya ba gida kusa, ƙasa ta yi doro a miƙe inda ganuwa ta kwanta, ga fasassun tukwane, wani lokaci ga kashin tama inda maƙera suka yi narki, ko ramukan niƙa a jikin dutse. Mota ba ta kai mutum irin wurin nan, kuma a kan babur an wuce kafin ido ya kama. Keke ne daidai gudun da ake ganin su.

Burtali

A ƙetare ana kashe kuɗi da injuna wajen ƙera siririyar hanya mai lanƙwasa. A nan kofato da tafin ƙafa suka yi aikin, aguwa ta yi shinge. Kiwo tsohon abu ne a wannan yanki, shi ya sa makiyayar Ruma da Kukar Jangarai, a jikin dajin Rugu, ta shiga sahun farko na wuraren kiwo da gwamnatin Jihar Arewa ta gyara a shekarun 1960, zamanin da aka yi dokar keɓe makiyaya ta 1965. An haƙa madatsun ruwa, an shata iyaka. Lalacewar wannan tsari, da cinye burtali da gonaki suka yi, suna cikin tushen masifar da za mu zo kanta.

Zinare a cikin tudun ƙasa

In an faɗaɗa zagayen, akwai abin gani ta kowace fuska. A gabas da birnin Katsina, a ƙasar Mani, Durɓi ta Kusheyi take, tuddan ƙasa da aka binne manyan mutanen da. An haƙa su a 1907, zamanin Sarki Dikko da Bature Palmer, aka sake a 1992. An sami kayan ado na zinare da tasoshin tagulla, waɗansu daga nesa ƙwarai suka zo, shaidar cewa fatauci ya haɗa wannan ƙasa da gabashin duniya ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A cikin birni ga hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon mita 15, wadda ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau. Shi Korau ɗin, in ji labarin baka, daga 'Yandoto ya fito, garin malamai da ke kusa da Tsafe, ya ka da Sarki Sanau a kokawa ya karɓi sarauta. Can gaba kuma dutsen Kwatarkwashi ne, garin da a da yake bin Katsina. A kudu, ga madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka gama a 1983.

Taya ma tana cin tarihi

A Ingila akwai Ridgeway, hanyar kan tudu da ake cewa mutane sun shekara 5,000 suna bi. Tsawon wadda aka shata kilomita 139 ne, tana wucewa kusa da farin dokin Uffington da aka sassaƙa a jikin tudun alli, kuma an yarda masu keke su bi rabinta na yamma. Amma doka ta kare tsofaffin ganuwoyi da kaburburan da ke gefenta. Wannan ya fi zama wajibi a wurinmu, domin tarihinmu da jar ƙasa aka gina shi. Taya ɗaya ta ja layi a kan doron ganuwa, ruwan damina ya bi layin, bayan 'yan shekaru sai kwazazzabo. Duk ranar da aka fara kai baƙi kufai, a fara da gaida mai gari, a ɗauki ɗan gari ja-gora, a jingine keke a shiga da ƙafa, kuma ko ɓallin tukunya kada a sa a aljihu.

Afirka ba 'yar kallo ba ce

Cape Epic ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 2004, tana cikin mafiya wuya a duniya: kwana 8, wajen kilomita 700, mutum biyu-biyu, kuma ba a yarda ɗaya ya yi wa abokinsa nisa ba. Ɗan ƙasar, Alan Hatherly, ya ci tagulla a Olamfik ta Faris a 2024, ya kuma zama zakaran duniya a shekarar. A wannan gasa ta Faris ne Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke na Olamfik, kuma da aka zo tseren cikin zaure, keken da ta hau aro ne daga tawagar Jamus.

Labarin da ya fi taɓa zuciya na Ruwanda ne. Adrien Niyonshuti yana yaro aka yi kisan kiyashin 1994, ya rasa 'yan uwansa da dama. A 2012 shi ya riƙe tutar ƙasarsa a Olamfik ta Landan, ya shiga tseren keken hawan dutse ya kai ƙarshe. A ƙasar tasu yanzu akwai hanyar Kongo-Nil mai kilomita 227 a gaɓar tafkin Kibu, inda baƙi ke kwana a ƙauyuka, suna sayen abinci, suna ɗaukar samarin wurin ja-gora.

Abin da ya hana

Ba za a yi wannan magana a ɓoye gaskiya ba. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, kuma suna cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi yi wa ɓarna: kisa, satar shanu, garkuwa da mutane, ƙauyuka da aka tasa. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin dare ɗaya. A Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan biyu, bayan an rufe wasu hanyoyi da kasuwannin dabbobi, an hana sayar da fetur a jarka. A Oktobar 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaro daga cikin al'umma. Duwatsun da suka ɓoye kakanni daga mahara, wasunsu sun koma maɓoyar masu kai hari, sababbin kufai kuma sun samu a gefen tsofaffi. Don haka kada wani ya karanta wannan ya ɗauki keke ya nufi jeji. Wanda ya fi cancanta ya fara bin hanyoyin nan hankali kwance shi ne manomin da ya kwana biyu bai ga gonarsa ta nesa ba. Allah Ya kawo mana ƙarshen abin.

Dokin ƙarfe ya dawo

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, mutane da yawa sun jingine babur sun kakkaɓe keke, ma'aikaci da ɗalibi da ɗan kasuwa. Cikin kekunan gwanjo da ake jerawa a kasuwannin Katsina da Kano, da yawa na hawan dutse ne, masu ƙurajen taya da giya bila adadin, waɗanda suka gama aiki a Turai ko Japan. Suna jure burji da gargada fiye da sirara, shi ya sa ake son su. Mai saye dai ya duba abu uku: kada firam ya kasance da tsagewa wajen walda, ƙafafun su juya ba tangaɗi, sannan abin canza giyar nan da ke rataye a baya ya zama lafiya lau, domin shi ne ya fi saurin karyewa kuma kayansa wuyar samu gare su a ƙauye. In ya karye, masu gyara suna da dabara: su cire shi, su rage tsawon sarƙa, su ɗora ta a kan haƙori ɗaya na tsakiya, wanda ba zai gagari mutum a hawa ba kuma ba zai sa shi wutsil-wutsil a miƙaƙƙiyar hanya ba.